Mai Kiran Rawa a Bikin Auren Sukotland

A bikin aure a ƙasar Sukotland, wajen ƙarfe takwas na dare ake kwashe tebura a jera kujeru jikin bango. An ɗaura aure tun da rana, an ci abinci, uban amarya da ango da babban abokinsa duk sun yi jawabi, baƙin da aka gayyata shagalin dare kaɗai sun fara shigowa. Makaɗa uku ko huɗu sun zauna a gefe guda: mai goge irin na Turawa, mai akodiyan, mai ganga, wani lokaci har da mai fiyano ko jita. Sai mutum ɗaya ya miƙe riƙe da makirfo. Waƙa ba aikinsa ba ce, kuma sau da yawa bai san kowa a zauren ba in ban da amarya da angon da suka ɗauko shi. Abin da aka biya shi ya yi shi ne ya tayar da mutum ɗari ko fiye, da yawansu ba su taɓa ko ganin wannan rawa ba, ya koya musu ita cikin minti biyu ko uku, sannan ya bi su da baki, taku bayan taku, har kiɗa ya tsaya ba wanda ya ji kunya.

Wannan shi ne mai kiran rawa, taron kuma shi ne ceilidh, ana furta shi “keli”. A tsaunuka da tsibiran da ake yaren Gelik, keli a da hirar dare ce a gidan maƙwabci, ana tatsuniya, ana waƙa, ana labaru, in da wuri a ɗan taka rawa. Yau idan ɗan Glasgow ya ce za a yi keli a bikin ƙanwarsa, rawar taro yake nufi, wadda ake yi biyu-biyu, ko uku-uku, ko sahu-sahu, maza da mata riƙe da hannun juna, yaro ɗan shekara shida da kakarsa duk a fili ɗaya.

Baƙon da ya ga mazan wurin cikin ɗan zanensu mai gida-gida da ake kira kilt, ga mai busa algaita mai jaka a bakin ƙofa, zai ɗauka cewa mai kiran nan ma gadonsa ya yi tun kaka da kakanni. Ba haka tarihin yake ba. A duk abubuwan da ke cikin zauren, shi ne sabon shiga.

Tsofaffin bukukuwan ƙasar ba su da shi. A 1780 mai zane David Allan ya zana wani bikin aure a Blair Atholl, da shahararren mai goge Niel Gow yana kiɗa, ɗan'uwansa Donald na gefensa da babban goge. A 1818 David Wilkie ya zana nasa hoton na auren kwabo, irin bikin talakawan da kowane baƙo ke kawo gudunmawar kuɗi don a biya abinci da makaɗa, abin da ya ragu a ba ma'aurata su kafa gida. Irin wannan biki ya dami shugabannin coci har babban taronsu na 1645 ya yi doka a kansa saboda shaye-shaye da cuɗanyar maza da mata, amma mutane ba su daina ba. A hotunan biyu akwai makaɗa, akwai masu rawa, babu mai tsayawa yana gaya wa jama'a inda za su sa ƙafa. Ba a bukatarsa, domin kowa ya iya.

Sun iya ne kuwa saboda akwai masu koyarwa. Har zuwa farkon ƙarni na 20, malaman rawa suna zagaya ƙauyuka, wasu a kan keke da gogensu a baya, su buɗe aji a rumbun gona ko zauren gari na wasu makonni, su koya wa yara da samari taku da ladabin fili, a rufe da babbar rawa gaban iyaye. Malamin yana kaɗa goge yana nuna takun a lokaci guda. Ɗaya daga cikinsu, James Neill na garin Forfar, har fadar Glamis ya shiga ya koyar da Elizabeth Bowes-Lyon tana yarinya, wadda daga baya ta haifi Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Tom Flett da matarsa Joan, waɗanda suka bi tsofaffi ƙauye-ƙauye suna tambayarsu kafin su fitar da littafinsu kan raye-rayen gargajiyar ƙasar a 1964, sun tarar da mutane da dama da ke tuna waɗannan azuzuwa. Saurayin da ya je biki a wancan zamani da rawarsa a ƙafa ya je.

Kiran rawa daga tsallaken teku ya zo. Phil Jamison, mai kiran rawa wanda ya koyar a kwalejin Warren Wilson da ke Carolina ta Arewa, ya bi diddigin al'adar a littafin da ya fitar a 2015, ya nuna cewa bayanan farko da ake da su a rubuce kan masu kiran rawa a Amurka duk kan makaɗa baƙar fata suke, da yawansu bayi. Su ke kaɗa goge a liyafar iyayengijinsu, inda ake yin raye-rayen Faransa da na Ingila waɗanda Turawan suka biya kuɗi suka koya a makarantar rawa. Idan suka koma cikin 'yan'uwansu, waɗanda ba wanda ya taɓa kai su makaranta, sai makaɗin ya riƙa faɗar abin da za a yi da ƙarfi yana cikin kiɗan. Dabarar ta yi aiki, fararen ma suka ɗauka, malaman rawa kuma suka yi ta tsine mata, don tana kashe musu kasuwa. Ke nan tun ranar farko, kiran rawa domin wanda bai koya ba aka ƙirƙiro shi.

Hanyar da ya bi ya shiga Birtaniya doguwa ce. Cecil Sharp, wanda ya kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiyar Ingila a 1911, ya ga masu kira da idonsa a Kentucky a 1917 lokacin da yake yawon tattara waƙoƙi tare da Maud Karpeles. Amma magajinsa Douglas Kennedy ne ya ga amfanin abin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya karkata ƙungiyar daga azuzuwa da jarrabawa zuwa daren rawa na kowa da kowa, mai kira yana jan ragama. Sai ga sa'a: a watan Oktoba na 1951 aka ɗauki hoton Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta zama Sarauniya Elizabeth ta Biyu, da mijinta Philip a Ottawa ta Kanada suna rawar ƙauye irin ta Amurka, shi cikin riga mai gida-gida. Hoton ya bazu a jaridu, rawar ta zama yayi a Ingila, masu kira suka yawaita.

Sukotland ta daɗe ba ta kula ba, saboda tana da nata hanyoyin. A 1923 Jean Milligan, malamar motsa jiki a kwalejin Jordanhill, da Ysobel Stewart suka kafa ƙungiyar raye-rayen ƙasar a Glasgow, wadda ta sami lambar sarauta a 1951. Littafinsu na farko raye-raye 12 ne a ciki. Yau waɗanda aka tsara a wannan salo sun kai dubbai. Tsarinsu na horo ne: takalmi mai laushi, yatsun ƙafa a miƙe, kowane taku da sunansa, malamai masu takardar shaida, da makarantar bazara a St Andrews. A wurin rawarsu ana ɗan tuna wa mutane tsarin kafin kiɗa ya fara, amma da ya fara, baki shiru. Wanda ya manta, idon abokan sahunsa ne zai cece shi. A ɗaya gefen kuma akwai zaurukan ƙauye, da kiɗan su Jimmy Shand a rediyo da faifai, da makarantun firamare da sakandare waɗanda har yau suke koya wa yara raye-rayen biki a darasin motsa jiki idan Kirsimeti ta gabato. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar yana da raye-raye biyar ko shida a jikinsa, ko da ya tsane su yana ɗan shekara goma sha uku.

To me ya kawo mai kira? Auren ne ya canza. Amarya 'yar Aberdeen ce, ango ɗan Manchester ne ko ɗan Warsaw, sun haɗu a jami'a ko wurin aiki, abokansu sun taso daga ƙasashe goma. Wasu ma'auratan ba su da kowa a ƙasar, tsohuwar fada kawai suka gani a intanet suka yi hayarta. Dangin amarya sun san rawa, dangin ango ba su sani ba. Idan aka saki kiɗa haka kawai, gida ɗaya zai cika fili, ɗaya gidan ya zauna yana kallo kamar an zo yi masa gori, bikin da aka yi don haɗa zumunci ya raba zaure biyu. Wannan ramin mai kira yake cikewa, kuma daga nan ya kamata a auna shi.

Sana'ar tasa rabinta lissafi ne. Yawancin kiɗan da ake wa waɗannan raye-raye gaɓa 32 ne, an raba su zango huɗu, kowane zango gaɓa 8, kowace gaɓa taku biyu. Zango ɗaya taku 16 ke nan, zagaye ɗaya na rawar taku 64, ɗan fiye da rabin minti. Kowane zango da aikinsa: a wannan a zaga da'ira a dawo, a na gaba a juya da abokin rawa, haka har zagayen ya cika a koma farko. Wanda ya saba yana jin ƙarshen zango a kunnensa. Sabon shiga bai ji, don haka mai kira ke ji masa. Dokar da duk mai koyon sana'ar ke fara haddacewa ita ce magana ta riga kiɗa. Idan za a fara zagaya da'ira a taku na ɗaya na sabon zango, dole “ku riƙe hannu, ku zaga hagu” ta fita daga bakinsa a taku huɗun ƙarshe na zangon da ke ƙarewa, kalmar ƙarshe ta faɗi daidai kafin ganga ta buga. Idan ya faɗa a kan bugun, ya makara: mutum ɗari sai sun ji, sun fahimta, sannan su motsa, kafin nan kiɗa ya yi gaba da taku uku, kuma wannan bashin ba ya biyuwa, ƙaruwa yake yi. Idan ya yi gaggawa ƙwarai, masu biyayya za su bar abin da suke yi su afka wa na gaba, su ci karo da waɗanda ba su gama ba.

Sai zaɓen kalmomi. Masu sana'ar suna da sunaye na musamman ga kowane motsi, amma a biki waɗannan sunaye kaya ne masu nauyi. Gwani yana ajiye su a gida. Hagu da dama ma ba abin dogaro ba ne, domin mutanen da ke fuskantar juna hagunsu ba ɗaya ba ne, wanda ya sha giya kofi uku kuwa nasa hagun ya ɓace. Shi ya sa za ka ji yana amfani da zauren kansa: “ku fuskanci makaɗa”, “ku nufi taga”, “sahun da ke wajen ƙofa ku ɗaga hannu”. Kalmar aiki a gaba, gajeriya, wadda za ta ratsa hayaniya. Kuma abin da ya kira motsi da shi wurin gwaji, da shi zai kira shi cikin kiɗa, ba ya sauya masa suna a tsakiya.

Gwajin shi ne inda ake gane gwani da ɗan koyo. Kafin kiɗa, ana taka rawar sau ɗaya a hankali, da ƙyar sau biyu. Ɗan koyo yana tsoron kada a yi kuskure, sai ya yi ta bayani, ya tsai da mutane minti goma suna muzurai, gumi ya bushe, masu wayo su sulale su koma kujera. Gwani yana sauka daga dandamali, ya ja sahu ɗaya tsakiyar fili, ya taka tare da su kowa na gani, ya ce saura su kwaikwaya, ya ɗaga wa makaɗa hannu. Ya san cewa rawar za ta maimaita kanta sau shida ko takwas, abin da bai shiga a zagayen farko ba zai shiga a na uku. A zagaye biyun farko yana kiran komai. A na uku ya rage zuwa kalma ɗaya-ɗaya. Daga na huɗu, in abin ya kankama, sai ya yi shiru ya bar mutane da kiɗa, idonsa na kan sahun da ya fi rauni, in ya ga sun fara tangal-tangal ya jefa musu kalma biyu. Mai karatu Bahaushe zai tuna sanƙira, wanda shi ma muryarsa ke hawa kan kiɗa tana tayar da mutum daga zaune. Sai dai sanƙira daraja yake ƙarawa in muryarsa ta cika wuri, shi kuwa wannan in har zagaye na shida ana jin sa, to wani abu bai yi daidai ba.

Tayar da mutane a karon farko ya fi komai wuya, kuma dabarar da kusan kowa ke bi ita ce fakewa da amarya. Ba wanda zai ƙi amarya a ranarta. A wasu bukukuwan da babban jerin gwano ake buɗewa: mai algaita a gaba, amarya da ango a bayansa, sai iyaye, sai ƙawaye da abokai, sai kowa da kowa biyu-biyu suna tafiya kawai a zagaye zaure. Tafiya ce, ba wanda zai ce bai iya ba. Kafin mutum ya farga yana tsakiyar fili riƙe da hannun wata, an kuma rufe hanyar komawa kujera. A wasu wuraren ma'aurata na gama rawarsu ta farko su biyu, mai kira zai ce kada a bar su su kaɗai, a zo a kewaye su.

Rawar taro ta farko kusan kullum Gay Gordons ce, wadda aka sa wa sunan rundunar sojan Gordon. Gaɓa 16 ce kacal. Biyu-biyu ake yi, kafaɗa da kafaɗa, kowa na fuskantar hanya ɗaya a zagaye: taku huɗu gaba, a juya, taku huɗu da baya-baya, a maimaita zuwa inda aka fito, mace ta yi juyi ƙarƙashin hannun namiji, a rungumi juna a ɗan yi tsalle-tsalle, a koma farko. Amfaninta ga mai kira shi ne kuskuren mutum biyu ba ya ɓata wa kowa, kuma wanda bai iya ba yana da na gabansa ya kalla. Wahalarta guda ce, riƙon hannun da ake yi ta saman kafaɗa, wanda bayyana shi da baki ke ɗaure mutane kamar igiya. Nunawa ake yi.

Wadda ta fi yin aikin aure ita ce Dashing White Sergeant, wadda kiɗanta Henry Bishop ya tsara a 1826. Uku-uku ake tsayawa, kowane uku na fuskantar wasu uku. Su shida su riƙe hannu su zaga su dawo, na tsakiya ya taka da na damansa sannan na hagunsa, su ukun su yi saƙa a tsakaninsu, sai a matso a gaisa, a ja da baya, a ratsa ƙarƙashin hannun juna a tarar da sababbin mutum uku. Duk rabin minti sababbin fuskoki. Kafin kiɗa ya ƙare, gwaggon ango ta riƙe hannun mutum ashirin daga dangin amarya waɗanda da a tebur ne ko sannu ba za ta ce musu ba. Ga kuma sauƙi ga wanda ya zo biki shi kaɗai, tunda ba abokin rawa ɗaya ake nema ba. Saƙar nan ta mutum uku ita ke ba sababbi wahala, don haka masu kira da yawa suna cire ta su sa juyi da gwiwar hannu a madadinta. 'Yan ƙa'ida suna jin haushin wannan. A biki dai mai kira ne ke da gaskiya, domin saƙar da ba a iya ba tsayawa cik take haifarwa, tsayawar mutum uku kuma tana toshe duk waɗanda ke biye da su.

Sai Strip the Willow, wadda jama'a ke jira, mai kira kuma ke fargaba. Tana cikin raye-raye 12 na littafin farko na ƙungiyar su Milligan, amma yadda ake yin ta a biki ya yi nisa da ladabin littafi. Sahu biyu, maza nan mata can. Biyun da ke kan gaba su sarƙe hannu su yi ta juyi, sannan macen ta gangara sahun maza, hannun hagu ga kowane namiji, hannun dama ga abokinta a tsakiya. Shi ma ya yi haka da sahun mata, sannan su yi tare. A salon tsibiran Orkney sahun ɗaya ne dogo daga wannan bango zuwa wancan, sababbin biyu na shiga duk bayan gaɓa 16, har fili ya zama juyi ko'ina. A ƙarshen shekarar 2000 kusan mutum 2,000 suka yi ta lokaci guda a titin Edinburgh. A nan mai kira ya zama jami'in tsaro. Zai gargaɗi samari cewa ba kokawa aka zo ba, ya nuna yadda ake tallafar gwiwar hannu ba tare da danna babban yatsa cikin naman mutum ba, ya ce mata masu dogon takalmi su cire, ya duba ko an zubar da abin sha a ƙasa, ya lura da jelar rigar amarya ko an ɗaure ta sama. Duk da haka washegari akan ga tabo a damtsen mutane. Lokacin sa ta ma hukunci ne: da wuri mutane ba su sake ba, can cikin dare kuma giya ta yi yawa.

Tsakanin waɗannan masu zafi yana saka masu sanyi, irin su St Bernard's Waltz, don tsofaffi su sami shiga, masu haki su huta. Yana barin makaɗa su yi kiɗan saurare. Ba shi da jerin da ba ya taɓuwa: in ya ga yara sun yi yawa ya kawo rawar da'ira, in fili ƙarami ne ya bar masu dogon sahu, in aka ce abincin dare ya iso ya san ya rasa rabin jama'arsa na minti arba'in. Bukukuwa da yawa yanzu raba daren suke yi, keli kafin abinci, kiɗan zamani bayansa. Ƙarshe kuma sananne ne, kowa a da'ira ɗaya ana waƙar Auld Lang Syne ta Robert Burns, ko Loch Lomond a salon ƙungiyar Runrig, amarya da ango a tsakiya.

Ba kowa ke son mai kira ba, kuma masu sukar ba duka ne 'yan ƙyashi ba. Tsofaffin makaɗa a ƙauyukan arewa suna ganin cin fuska ne a tsaya ana koya wa ɗan ƙasa Gay Gordons, kuma har yau akwai zaurukan da shugaban makaɗa zai faɗi sunan rawa kawai, a buga sauti ɗaya na gaisuwa, fili ya cika. Wasu kuma suna cewa mai kira na mayar da mutane masu jiran umarni: kunne na wurin makirfo, ba wurin goge ba, sai mutum ya yi rawa ɗaya a biki goma bai riƙe ta ba. Akwai gaskiya a nan. Takun ƙafa, wanda su James Neill suka ƙare rayuwarsu a kai, ya koma tafiya da tsalle. Akwai kuma masu kiran da makirfo ke shiga musu kai, su mayar da daren wasan barkwancinsu, su ware wani bawan Allah da ya rikice su yi masa dariya gaban surukansa. Wannan shi ne babban laifi a sana'ar, ya fi makarar kira muni, domin wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake tashi, na kusa da shi ma sun ga darasi. Ƙa'idar da gwanaye ke bi ita ce in sahu ya rikice, mai kira ya ɗauki laifin, ya ce bayaninsa ne bai fita ba, a koma wuri a jira farkon zagaye.

Wata muhawarar ta kwanan nan ta shafi kalmomin “maza” da “mata”. A biki lissafi ba ya taɓa daidaita: ƙawaye biyu za su yi tare, uba da ɗansa, kaka da jikanya. Idan mai kira ya ce “mata su shiga tsakiya”, 'yan mata biyun da ke rawa tare sai su kalli juna. Don haka da yawa sun koma “na ɗaya da na biyu”, ko “na ciki da na waje”, a Amurka kuma wasu sun sa wa ɓangarorin sunayen tsuntsaye. Wasu dalilinsu na ra'ayi ne, wasu na sauƙin aiki kawai. Masu adawa kuwa suna cewa a zauren da rabi ke cikin kilt rabi cikin doguwar riga, tsohuwar kalmar ta fi saurin shiga kunne.

Asarar da ta fi fitowa fili ita ce ƙanƙancewar kundin raye-rayen. Abin da ba ya koyuwa cikin minti uku ba ya shiga bikin zamani, don haka raye-raye goma zuwa goma sha biyu ne ke ta zagayawa daga wannan Asabar zuwa waccan. Babbar wadda abin ya ci ita ce Eightsome Reel, wadda ta fito daga yankin Atholl a ƙarshen ƙarni na 19 ta zama sarauniyar kowane biki na tsawon shekaru. Mutum takwas ne a murabba'i, gaɓa 464: 40 na buɗewa, sannan kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin ya shiga tsakiya ya yi nasa na gaɓa 48 ana ihu ana tafi, sannan 40 na rufewa. Kusan minti takwas ba hutu, ga sarƙar hannu da ake zagaya da'ira da ita, wadda mutum ɗaya in ya juya baya ya rusa wa sauran bakwai. Mai kira mai hankali ba ya gwada ta da sababbi. Idan uban amarya ya dage, kamar yadda iyalan Perthshire da tsofaffin sojoji kan dage, abin da ake yi shi ne a sanar cewa wannan ta waɗanda suka iya ce, a tara murabba'i ɗaya ko biyu daga cikin dangi, saura su tsaya a gefe su yi tafi, mai kira kuma ya samu ya sha ruwa ya duba ko makaɗa na da ƙarfin wata Strip the Willow kafin sha biyu.